Yanken Arzika

Ƙarfe tara na dare a Tawa.
Kamiyo uku sun juya baya ga ƙofar sito,
direbobi sun ɗora shayi na biyu.
Albasa ba ta san haƙuri ba:
ka bar ta kwana ɗaya a zafi, ta fara yi wa hanci magana.

Ni ina gaban kwamfuta,
rumbun bayanai ya kulle baki.
Buhu dubu da ɗari huɗu na cikinsa,
sunan kowane manomi, bashin taki, kuɗin awo,
duka ya haɗiye,
ya tofo mini lamba huɗu, ja wur.

Alhaji Bizo ya leƙo, carbi na gudu a hannunsa.
"Zali, ko a koma biro da takarda?"
Na ce a ba ni shan ruwa ɗaya.

Na san babbar hanya, na taɓa bin ta.
Gidan masu rumbun zaure bakwai ne:
a na farko a tambaye ki ƙasarki,
a na biyu harshenki,
a na uku wasu masu fararen haƙora su yi miki murmushi,
su tallata abin da kin riga kin saya.
Kowane zaure sai ya ci mega.
Talatin suka rage mini,
rezo kuwa sanda ɗaya, ita ma tana rawa.

Sai na ɗaga allon maɓallai.
Takardar na nan, manne da salatif,
rubutun Arzika mai kama da sawun kaza.
Shi ya kafa mana rumbun, damina biyu da suka wuce,
kafin ya ɗauki jaka ya bi motar Abijan.
"Kar ki bi ta ƙofar gari," in ji takardar.
"Hau gurbin adireshi.
Rubuta rb, bar fili, zuba lambar, danna."

Haruffa biyu.
Na rubuta kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta.
Shafin ya faɗo gabana
ba sallama, ba talla, ba wanda ya tambayi garinmu.
Dogo ne, ya fi igiyar rijiyar Adar,
amma layi na biyu na takardar ya ce:
"Danne maɓallin kusurwa, taɓa F, nemi kalmarki."
Na nema. Ta yi tsalle ta fito cikin rawaya.

Ashe ba mutuwa ya yi ba.
Rumbu ne ya cika da ƙaiƙayi,
tsofaffin rahotannin da yake rubuta wa kansa
tun ranar da aka kafa shi, ba mai sharewa.
Na bi umarnin, layi bayan layi,
hannuna na ɓari a na uku.
Na kashe. Na kunna.
Sunan Tankari na Galmi ya fara fitowa, buhu sittin.

Injin bugawa ya yi tari, ya kama aiki.
Alhaji bai ce komai ba,
carbin ne dai ya rage gudu.

A ƙauyenmu akwai wani yanke ta bayan gonar Jadi
da ke kai mata rijiya kafin rana ta yi zafi.
Ba wanda ya san ƙafar da ta fara taka shi.
Nawa na san mai shi.
Na aika masa saƙo da mega biyun da suka saura,
har yanzu alama ɗaya ce, bai buɗe ba.

Da kamiyo na ƙarshe ya tashi
na zauna cikin warin albasa da gazuwal,
na yi wa shafin shara nasa yanke: sh.
Na jawo takardar,
na ƙara layi na uku a ƙasan nasa,
da rubutuna da ya fi nasa kyau,
na mayar da salatif.