Rigar Derek

Ruwan saman Keighley ba ya sallama.
Tun azahar yake ƙwanƙwasa tagar kicin,
ni kuwa ina kan tebur da almakashi
ina fitar da kunnuwa biyu daga rigar sanyin mamaci.

Rigar Derek ce, mijin maƙwabciyata Maureen.
Shekara talatin ya yi a masaƙar ulu ta bakin kogi
kafin a rufe ta, a yanka ta ɗaki-ɗaki a ba 'yan haya.
Ta kan katanga ta miƙo min ita cikin leda,
ta ce, "Ladidi, asu ne kaɗai ke morar ta.
Ki nema mata wani aikin."

Ita ta koya min sana'ar.
Yanzu yatsunta sun lanƙwashe, allura ta gagare ta,
amma bakin bai yi ritaya ba:
bi kwanciyar gashi, kada ki yi gaba da shi,
danna auduga a hanci, sassauta a tumbi,
ido kuwa sai can ƙarshe,
don da zarar tedi ya fara kallonki
ba kya sake soka masa allura hankali kwance.

Ubana tela ne a Funtuwa.
Da zai ga 'yarsa na ɗinka dabbar da bai taɓa gani ba
da ya yi dariya har hula ta faɗi.
Amma yadda yake tsinka zare da haƙori
haka nake tsinkawa.

Idon hagu ya zame ƙasa kaɗan.
Sau biyu ina kwancewa, yana komawa inda ya ga dama.
Na ce to, zauna a haka.
Na ɗauke shi hoto a bakin taga, na hau intanet,
na buɗe ciniki a kan fam tara.

A gida gwanjo da ƙararrawa ake yi,
dillali na kumfar baki, ana ture-ture.
Nan ba ihu, ba albarka, ba sallamawa.
Kwana bakwai, da agogo mai tafiya da baya.
Kwana shida mutum ɗaya ya taya,
shi ma kamar don kunya.

Sai daren Lahadi, saura minti uku.
Wani daga Ohio ya ce sha huɗu.
Wata daga Dundee, ashirin da biyu.
Ohio ya ƙara. Dundee ta ƙara.
Arba'in da ɗaya. Sittin.
Shayi ya huce a hannuna ban sani ba,
ina ta salati ƙasa-ƙasa kamar mai jiran sakamakon asibiti.
Saura daƙiƙa huɗu: tamanin da takwas.
Dundee.

Kafin in kwanta saƙonta ya shigo.
Sunanta Morag.
Ta ce tun da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye
haka idonsa na hagu yake,
kuma ya daina yarda a kalle shi.
Tana so ya sami wanda za su kalli juna.

Da safe na kai wa Maureen ta yi bankwana.
Ta cusa hanci a wuyansa, ta daɗe.
Ta ce har yanzu da sauran ƙamshin tabarsa.
Na miƙa mata rabin kuɗin, ta ture hannuna:
"Je ki sayo idanu."

A gidan waya aka ɗora kwalin a sikeli,
giram ɗari huɗu da ɗoriya,
duk da audugar, da zaren, da shekara talatin ɗin.
Na dawo cikin yayyafi, lema ta ƙi buɗuwa.

A kan tebur saura hannun riga ɗaya
da aljihu mai tsohon tikitin bas a ciki.
Zai isa ɗan ƙarami, in na yi tsimi.
Wannan ba zai ga gwanjo ba.
Ta kan katanga zai koma.