Lissafin Ruwa da Batir

Ruwan sama na dukan kwanon ɗakinmu a Aboabo,
mu uku mun duƙa kan taswirar da babu kogi a cikinta.
Awudu ya danne Agadas da kofin shayi
don kada fanka ta ɗauke ta.

A nan Kumasi kunnen rediyona ya toshe.
Masu walda na Suwame, janaretan mai aski,
cajar wayar kowa da kowa,
duk tari suke yi a cikin akwatina.
Shekara tara ina kiran duniya daga saman bene,
tana amsa mini kamar mai bakinsa cike da gari.
An ce can, bayan rijiya ta ƙarshe,
iska wankakkiya ce:
mutum ya yi raɗa a Barazil, ka ji numfashinsa.

Gasar kwana biyu ce cur.
Ka kira, a amsa, ku ba juna lamba, ka rubuta, ka wuce.
Ba ina gajiya, ba yaya iyali.
Barikisu ta ce wannan ba zumunci ba ne, ƙidayar awaki ce.

Motar Awudu kilo ɗari shida take ɗauka, ba ƙari,
ya rantse da sifirin ɗin da ya ɗaura mata da hannunsa.
Fuseni na son batir huɗu.
Ni ina son jarka goma sha biyu.
Ba a shan batir, in ji ni.
Ruwa ba ya kai murya Japan, in ji shi.
Muka ja, muka ja, har shayi ya huce,
aka tsaya kan batir uku da jarka goma,
kowa ya haɗiye rabin fushinsa.

Kwabena ya kawo sandar eriya, gaɓa shida.
Ya dubi turakunmu ya yi dariya:
waɗannan na jar ƙasar Asante ne mai riƙo,
yashi ba ya riƙe alkawari.
Ku tafi da buhuna, ku cika su a can, ku binne, ku ɗaure igiya.
Na rubuta: buhu ashirin. Basilla. Zare.
Na rubuta: garin rogo, ƙuliƙuli, dabino, shito kwalba biyu,
gishiri da sukari saboda gudawa,
fiyus, da wani fiyus ɗin.
Takardar izini daga Yamai har yau shiru.
Jagoranmu Agali ya aiko da saƙo:
kada ku sa rana, hanya ce ke sa rana.

Kakana ta wannan hanyar ya gangaro da ƙafa,
jaki bakwai ɗauke da kanwa, ya koma da goro,
ya sake gangarowa, bai koma ba.
Bai taɓa auna ruwa da lita ba.
Sunayen rijiyoyi ya haddace
yadda na haddace lambobin ƙasashe.
Shi ya baro shirun nan ya zo neman hayaniyar kasuwa,
ni kuma zan zuba kuɗin mai in je in sayo shi.

Dare ya raba. Ruwa ya tsagaita, kwaɗi suka karɓa.
Barikisu ta shigo kwashe kofuna,
ta tsaya kan ƙaramar rediyon da zan bar mata.
Ta ce, ina zan murɗa in ji ka?
Fuseni ya shiga bayani:
murya sama take hawa, ta daki rufin iska, ta faɗo nesa,
wani lokaci sai ta tsallake na kusa...
Ta ce, wato Japan ta ji shi, ni ban ji ba.

Babu wanda ya tanka.

Ta ɗaga kofin da ke kan Agadas.
Ya bar zoben danshi,
tafki ɗaya tal a duk faɗin hamadar.
Ta zare biro daga aljihuna,
ta soke goma, ta rubuta sha biyu,
ta fita da tirenta.

Fuseni ya daɗe yana kallon batir na uku a lungu.
Can ya ce, Awudu,
mai shagon nan na Alabar yana karɓar kaya in an mayar?