Awon Ƙugu

Ni tela ne a Tawa, bakin tasha,
kekena ya girmi ɗana na fari.
Ban iya karanta jarida ba,
amma ba ni ƙugun mutum goma in auna,
in gaya maka wanda zai ci zaɓe.

Shekarar da albasar Galmi ta yi daraja,
manyan motoci sun yi layi har Ƙonni,
Nomau ya shigo da yadi shida mai alamar tsani.
Ya ce, "Mantau, sakar mini ciki, kar ka matse,
gwamnatin ga tamu ta."
Na ja igiyar awo, tumbi ya ƙaru da yatsa huɗu.
Tiyar hatsi dala tamanin a lokacin,
kajin unguwa ma suna tsallake tsaki.

Damina biyu a gaba, ruwa ya ɗauke ana tsakar bununi.
Tiya ta hau, ta hau, ta zauna kan jika cur.
Samarin da ke bida a Abijan
suka koma aiko gaisuwa kawai.
Nomau ya dawo da rigar a cikin leda,
bai dubi idona ba, ya ce, "Rage."
Na rage huɗun, na ƙara biyu.
Kasuwa ba ta zagayo ba
sai ga shi da yadin masu fitila.

Habsu mai ƙosai zane uku gare ta,
tsani, fitila, da na masu tulu.
Duk wanda ya kafa rumfa tana yi masa guɗa,
ta karɓi sabulu, ta karɓi sukari.
Na tambaye ta, wanne ne naki na gaskiya?
Ta ce, "Litar mai nawa yau?
Takardar maganin ɗiyata kwana tara tana ƙulle a haɓar zane.
In na shiga bayan labule
ni da tukunyata muke shawara."

Arzika sakataren tsani ya zo karɓar huluna,
yana huci, wai talaka ba ya da alkawari.
Wa ya kawo kwalta? Wa ya kawo famfo?
Mu muka hana girgije zuba?
Na cire allura daga bakina na ce,
ba ku kuka hana ba, wallahi.
Amma ran da rumbu ya cika
kun hau mota da lasifika kun ce aikinku ne.
Wanda ya karɓi godiyar ruwan sama
shi ake kai wa kukan fari.
Rijiyar Adar gaba arba'in ce,
kuma da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Ya kwashi hulunan, ya ce kuɗi sai Litinin.
Masu fitila ma Litinin suka ce mini.

Ƙyallayen da ke zuba ƙasan tebur
Cima ba ta barin a share su.
Ta haɗa ta yi wa autanmu mayafi,
rabin tsani, wuyan tulu, fitila ba kai,
da kunnen wani ɗan takara da na manta sunansa.
Nan ne kaɗai na ga sun kwana wuri ɗaya
suna yi wa yaro aiki.

Gobe akwai taro, an ce buhuna na hanya,
wai za a karya farashi kafin azumi.
Yadi ya taru, kuran ya tafi, ina taka keke da ƙafa.
Masu wucewa na leƙowa, tela, kai ina ka dosa?
Nakan yi dariya in ciji zare.
Da asuba na ja zariyar wandona,
ta yi rarar da ban san ta da ita ba,
na ƙulla sau biyu, na fito.