Ƙusa da Ambulan

Ladan bai ko yi gyaran murya ba
babur ya tsaya a ƙofar Sumiyem, fitila a kashe.
Yaron Darmaji ya turo ambulan
ta inda tekun Jawa ke shigowa duk wata.

Rupiya dubu ɗari biyu.
Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa:
shinkafar mako, bashin mai shago,
takalmin jikarta da gishiri ya cinye.

Wannan Darmajin ne ya yi rantsuwa bara waccan
zai gina katangar tare igiyar ruwa.
Katanga kam ta tashi,
gidansa ta kewaye.

"Karɓi ki ci," in ji Warsini ta kan shinge,
"kuɗinmu ne suka dawo gida.
A bayan labule wa zai gan ki?"
"In na ci, na ɗauki alkawari.
In na saɓa, da me na fi shi?"

Da hantsi ta ajiye masa ambulan a dakali,
ta danne da dutse.
A rumfar zaɓe ta ɗauki ƙusa,
ta huda hoton malamar makaranta,
ta tsoma ɗan yatsa a tawada.

Da magariba aka ƙirga.
Darmaji ya ci da ƙuri'a goma sha ɗaya.
Gida goma sha huɗu ne a layinsu.

Daren nan ruwa ya kai idon sawu.
Ta ɗora jikar a kan tebur,
ta dafa rogo, gaya.
Yarinyar ta kama yatsan tana murzawa:
"Kaka, zai fita?"
"Bar shi," ta ce. "Ci abincinki."