Kangon Maƙwabci

Dare uku ban runtsa ba a Aliero.
Albasa ta kwana a rumfa tana jiran mai saye,
ni na kwana ina jiran asalatu,
hannu a kunci kamar mai zaman makoki.
Haƙori ɗaya, na can ƙurya,
ƙwayar masara ma ta fi shi jiki,
amma ya kori barci daga gida mai ɗaki huɗu.

Na cusa kanumfari. Na ɗora jar kanwa.
Tumba ta dafa bagaruwa na kuskure baki.
Wani yaro a tasha ya ce in ɗiga ruwan batir,
na harare shi da idon da kumburi ya bar mini.

To, ina ake samun mai duba haƙora?
Mai kemis ya miƙo ƙwaya, ja da fara.
Nomau direba ya ce, "Sai Birnin Kebbi.
Ka yanki kati, ka bi hagu,
masu riƙe da kunci za su nuna maka ƙofa."

Kowane rami na hanyar Jega
a muƙamuƙina yake sauka.
Na dinga jan tambayoyi kamar carbi:
Nawa za su ce?
Buhu guda zai isa, ko sai akuyar Tumba ta bi baya?
In aka cire na sama, da gaske ido ke mutuwa?
Haka kakata ta faɗa, ita kuwa ba ta taɓa yi mini ƙarya ba
sai a kan inda take ɓoye ƙuli-ƙuli.
Tsutsar da ke ci na, za su nuna mini ita?
In karya kumallo, ko in shiga da ciki wayam?

A kan benci na tarar da wani ƙaton ɗan sanda,
hula a gwiwa, hawaye na bin gemu.
Ban gaishe shi ba, bai gaishe ni ba.
Mun dai gane juna.

Likitar mace ce, Saratu, mutuniyar Zuru,
da ɗan madubi kamar cokalin shayi.
Ta ce, "Baba, buɗe."
Shekara hamsin da bakwai ba wanda ya leƙa bakin nan,
goro ya yi masa jan fenti,
kunya ta kama ni fiye da ciwon.
Ita ko a jikinta.

"Babu tsutsa," in ji ta. "Kogo ne.
Sukari nawa kake sa wa shayi?"
Na ɗaga yatsu huɗu.
"Ido da haƙori maƙwabta ne, Baba,
amma ba su haɗa gado ba.
Allurar kuwa, cizon cinnaka ya fi ta."
Kuɗin ma bai kai ga akuya ba.

Sai ita ma ta jefo tata:
"Me ya hana ka zuwa tun yana tsami da ruwan randa?
Da mun cike shi, mun bar maka abinka."
Na ji daɗi da bakina ke buɗe da ƙarfe a ciki,
don ba ni da amsa.

Ta ce in komo bayan wata shida, ko ba ciwo.
Na so in yi dariya, leɓe ya ƙi motsi.
Wa ke kai lafiya asibiti?
Sai a mota na tuna yadda nake juya albasa a rumfa,
ina latsa wuyan kowace, ina shinshinawa,
tun kafin ɗaya ta ruɓar da ɗari.

Da magariba Tumba ta tarbe ni a zaure:
"Ina tsutsar?"
Na kwance takarda, na ajiye mata shi a tafin hannu,
baƙi, mai saiwa uku.
Ta juya shi, ta ce, "Wannan ɗan abin?"

Na yi barci har rana ta taka katanga.
Amma har yau harshena bai daina zuwa wurin ba,
kamar mai leƙa kangon maƙwabcin
da suka shekara suna faɗa,
ya tashi bai yi sallama ba.