Awon Kai

Ni ke auna kawunan mutanen Akron,
shekara ashirin da bakwai, tef a wuyana.
Goshi, saman kunne, ƙeya.
Na san mai kan ƙwai, na san mai kan ƙwarya,
girman kai ne kaɗai ban taɓa samun lambarsa ba.

Duk Alhamis ta farkon wata, in na rufe shago,
sai su taru a ɗakin baya, kusa da tukunyar tururi,
kowa da malafarsa ta gashin zomo,
kwat irin ta kakanni, agogon aljihu,
takalmi sai ka duba fuskarka a ciki.
Delbert Wojcik ke buɗe taro,
kullum kuma da hana-sallah yake buɗewa:
"Hular yara a kan masu furfura!
Allon talla ne aka yi wa baki.
Ka biya kuɗinka, ka ba kamfani goshinka kyauta,
a gidan abinci, a coci, har a bakin kabari."

Cleon Tarver ya ce shi bai tsane ta ba,
in a filin wasa ne, ko a kan mai yankan ciyawa.
Amma a juya bakinta baya?
Ya girgiza kai a hankali, kada malafa ta goce.
Maxine ta ce ita ta kashe sana'ata.
Ni na fi zargin motoci masu gajeren rufi,
sai dai mai shago ba ya musu da ciniki.

Wani dare, ƙanƙara na zuba kamar gari,
aka ƙwanƙwasa.
Wata budurwa, Renata, da jakar takarda a hammata.
Ta zazzage a kan teburin, tsakanin kofunan shayi.
Hana-sallah.
Ɗakin ya yi tsit.

Ta ulu ce, shuɗiya a da, yanzu ruwan toka,
harafi ɗaya a goshi, ɗinkin hannu, ya ɗan karkace,
bakin ya karye gida biyu.
Ta kakanta ce, in ji ta.
Ya yi wa 'yan masana'antar taya wasa,
in an tashi aiki, kafin rana ta faɗi.
Yanzu yana gidan tsofaffi,
sunanta ma ya ɓace masa,
amma kullum sai ya shafa kai ya ce ina hularsa.

Delbert ya miƙa hannu, ban san ko ya sani ba.
Ya kife ta, ya bi ɗinkin da farce,
ya taɓa fatar da ke zagaye da ciki.
"Wace shekara?"
Ta faɗa.
Babu hular da ta kai ta tsufa a ɗakin.
Tasa, bara waccan na sayar masa.

Ya kai ta hanci.
Na ga maƙogwaronsa ya motsa.
Warin roba, wanda ba ya fita,
wanda ubansa ke shigo da shi gida da magariba,
da uban Cleon, da nawa.

"Wannan ba ta cikinsu," ya ce.
"Na yanzu dai shara ne."
Babu wanda ya ce masa uffan.

Na tambayi Renata ko in wanke zoben gumin,
farin gishirin da ya kwanta a gefe.
Kafin ta buɗe baki Delbert ya daka min tsawa:
"Kar ki taɓa gumin!"

Na sa tef a ciki, don hannu ya saba.
Bakwai da kwata.
Awon Delbert ke nan.
Ya sani, na sani.
Ya daɗe riƙe da ita a tafin hannu,
sannan ya ajiye, ya gyara zaman malafarsa,
ya ce shayin ya huce.