Faifan Ƙarfe

Ranar Asabar, albashi ya kwana biyu a aljihu,
na sauka daga bas a Digbeth,
ruwan Birmingham na yayyafi kamar mai jin kunyar zuba.
Shagon Malcolm a ƙarƙashin ƙasa yake,
matakala goma sha uku, ta taran tana kuka.

Ciki, warin tsohon kwali da shayin da ya huce.
Malcolm bai ɗago ba.
Furfura har kafaɗa,
kunnen hagu ya mutu tun yana saurayi
a gaban wata lasifika, in ji shi,
kuma bai taɓa yin da-na-sani ba.
Da haɓa ya nuna mini akwatin lungu:
"Na ɓoye maka wani."

Na durƙusa ina tona da yatsu biyu
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ga bango mai hoton kifi yana shawagi bisa hasumiya,
ga ƙwarangwal zaune yana ɗinkin laima.
Na zaro nawa, baƙi wuluk,
na karkata shi ga fitila
ko farcen wani ya taɓa yi masa tsaga.

Fam ashirin da takwas.
Na taya sha takwas, jinin kasuwa ba ya barin mutum.
Ya ce, "Albarka."
Kalma ɗaya tak na koya masa,
ga ta yau ta juyo kaina.

A gida Raliya ta dubi ledar, ta dube ni.
"A garinmu faifai tuwo yake rufewa.
Naka kuɗin cefane yake haɗiyewa."
Na yi shiru, mai gaskiya ba a ja da shi da yunwa.

Na ɗora allura.
Da fari ƙaf-ƙaf, kamar gero ya faɗa garwashi.
Sai sarewa ita kaɗai, ba ta sauri,
tana zagaye ɗakin tana shinshina kujeru.
Waƙa ɗaya, minti ashirin da uku,
ba a yi ta don mai jiran mota ba.
Mai ganga yana ƙirga bakwai
inda ƙafata ke jiran takwas,
kullum sai na taka iska
kamar wanda matakala ta ƙare masa cikin duhu.

Sannan jita ta faɗo.
Ba faɗowar ganye ba,
faɗowar masaba kan uwar maƙera.

Nan na ga kakana Tanimu,
gumi na bin gemunsa,
ina yaro ina danna zugazugi,
jan ƙarfe na tofar da taurari,
can waje mai dundufa yana kiran sunan gidanmu.
Uban Malcolm ma wajen narka ƙarfe ya ƙare kwanansa.
Ban taɓa gaya masa ba
cewa abin da yake sayar mini
na riga na ji shi kafin in san boko.

Doreen ta maƙwabta ta buga bango,
sau uku, kuma wallahi kan kiɗa ta faɗa.
Na rage murya.

Zulai ta leƙo da fensir a baki:
"Baba, me aka yi wa mutumin yake ihu?"
Na ce ba ihu ba ne, kirari ne,
na wanda ya rasa maroƙi ya yi wa kansa.
Ba ta gamsu ba. Ta zauna dai.

Allura ta kai cibiya,
tak, tak, tak.
La'asar ta yi, ɗaya gefen zai jira.

Ina alwala na jiyo Raliya a kicin
tana ƙwanƙwasa cokali a bakin tukunya.
Na ƙirga.
Bakwai.
In na tambaye ta, za ta ce miya take ɗanɗanawa.